Adakar Alhaji: Abin Da Wasan Marowaci Ya Yi Wa Wani Ɗan Wasa A Kano

Tela muke ce masa, saboda ɗinki ne abincinsa. Shagonsa yana wani lungu a Fagge, keke biyu da yara uku, kuma duk wanda ya kai masa ɗinkin Sallah ya san zai sha dariya kafin ya sha jira. Ya haura shekara 40. Wasa kuwa tun yana yaro yake yi. A tashe ya fara, shi ne mai liƙa auduga a haɓa ya dogara sanda idan azumi ya kai goma. Daga nan ya shiga ƙungiyar wasan daɓe ta unguwa, daga baya ya ɗan riƙa fitowa a finafinan camama, irin fitowar da ake sallamar mutum da kuɗin mota da abincin rana. Ba tauraro ba ne. Amma a cikin 'yan wasa an san shi da abu ɗaya: a ba shi kan zance kawai, shi zai kawo gangar jiki da jela.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ta kaya da shi lokacin da ƙungiyarmu ta ɗora masa babban matsayi a wani tsohon wasan barkwanci na Faransa. Ni ne na riƙe littafi a bayan labule, ina raɗa wa wanda magana ta kwance masa, don haka tun daga gwajin farko har daren ƙarshe a kan idona aka yi komai.

Wasan da aka ɗauko

Wasan shi ne wanda Moliyer, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, ya rubuta a kan marowaci, aka fara nuna shi a birnin Faris a watan Satumba na 1668, kuma shi Moliyer ɗin da kansa ya fito a marowacin, wani tsoho ɗan shekara 60 mai suna Harpagon. Shi ma ba daga sama labarin ya faɗo masa ba. Ya tsinto ƙashin bayansa daga wani wasan Latin na Plautus, mutumin Rum, wanda aka yi kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan wani tsoho da tukunyar zinariyarsa. Kashi biyar ne, kuma a zube aka rubuta shi, ba a waƙe ba.

Tsohon ya binne akwatin kuɗi a lambun gidansa, zinariya 10,000, ba ya iya zama minti biyar bai leƙa wurin ba. Yana so ya aurar da 'yarsa ga wani dattijo mai hali don ya yarda zai ɗauke ta hannu rabbana. Shi kuma ya ƙyalla ido a kan wata yarinya 'yar talakawa, ashe ita ce ɗansa yake mutuwar so. Ɗan ya rasa na kashewa, ya bi ta hannun dillali neman bashi da ruwa, sai ga shi mai ba da bashin ubansa ne. Can a kashi na huɗu yaron da ke yi wa ɗan hidima ya tono akwatin ya gudu da shi.

Malam ne ya kawo mana wasan, wani matashi mai koyar da Faransanci a wata sakandare, shi ne kuma mai ba da umarni. Mayar da shi Hausa ya ci mana wajen wata biyu, kuma inda muka fi daɗewa shi ne maganar aure. A Faransa ta wancan zamani uban yarinya ne ke haɗa ta da dukiya zuwa gidan miji, shi ya sa duk hujjar da aka kawo wa tsohon a kan rashin dacewar auren, amsarsa ɗaya ce, cewa mijin bai nemi a haɗa ta da komai ba. Mu a nan namiji ke kai sadaki da lefe. Da an fassara yadda take, babu wanda zai ko murmusa. Wata 'yar ƙungiyarmu da ta aurar da ƙanne biyu ce ta warware mana. Ta ce, “Malam, ai kayan ɗaki ne da gara.” Shi ke nan. Duk uban da ya taɓa zuwa taya gado da kujeru da kayan kicin ba ya bukatar ƙarin bayani. Amshin wasan ya zama, “Ba kayan ɗaki, ba gara!”

Sauran sun zo da sauƙi. Harpagon ya zama Alhaji kawai, akwati ya zama adaka, lambu ya zama gindin darbejiya a bayan gida. Wani baran gidan da yake kuku kuma mai kora keken doki, wanda sai ya canza riga kafin ya amsa tambayar kowane aiki, ya zama kuku kuma direba mai hula biyu. Dawakan da yunwa ta kusa kashewa suka zama tsohuwar Fijo 504 da ake auna wa mai da kwalba. Binne dukiya a gida kuwa, tun bayan wahalar canjin kuɗi ta 2023 ba sai an yi wa Bakano sharhi ba, tsofaffi ma suna tune da canjin 1984. Sai dai mun sa zinari da dala a cikin adakar, don naira idan aka binne ta, ko gara ta cinye ko gwamnati ta canza.

Inda gizo ya yi saƙa

A makon farko na gwaji kowa ya yi murna da Tela. Ya zo da muryar tsoho mai rawa, da tafiyar agwagwa, da zare ido, da karin magana a kowace gaɓa. Muna faɗuwa don dariya. Malam ma yana yi.

Kafin mako na uku dariyar ta fara zama ciwon kai. Tela ba ya haddar magana, bai taɓa yi ba. A camama mai ba da umarni ce maka zai yi, ka shigo ka tarar an cinye maka nama, sai ka yi abin da ya zo bakinka. Haka ya ɗauki wannan ma. Abokan wasansa kuwa sun haddace nasu, kowa yana jiran kalmar ƙarshe ta Alhaji ya ɗora, kalmar kuma ba ta zuwa. Ni ina bayan labule da yatsa a kan layi, sai in ɗaga kai in ga ya yi nisan shafi uku a wata duniyar da ba ta cikin littafin.

Fitowa ɗaya ce ta tona asirin abin sosai. A kashi na biyar Alhaji yana tuhumar wakilin gidansa da satar adaka, shi kuma wakilin ya zaci an gano soyayyarsa da 'yar Alhaji ne, sai ya shiga amsa laifi. Ɗaya yana maganar kuɗi, ɗaya yana maganar yarinya, kowa yana zaton sun fahimci juna. Wakili ya ce ya rantse ba zai rabu da ita ba, Alhaji ya ce a dawo masa da ita inda aka ɗauke ta. Dariyar duka tana rataye ne a kan cewa kowace kalma ta hau adaka, ta kuma hau budurwa. Mun yi sa'a ma, a Hausa duka biyun “ita” ce. To sai Tela ya ga wuri ya yi shiru, ya jefa, “Adakata mai kwaɗo biyu, wadda na sayo a Kasuwar Kurmi!” An yi dariya, gaskiya ne. Amma wakilin da ya ji an ambaci kwaɗo, da wane baki zai ci gaba da maganar soyayya? Ginin da aka yi shafi huɗu ana jerawa ya rushe saboda dariyar daƙiƙa uku.

“Yaya Tela, don Allah a bar maganar yadda take,” in ji Malam.

“Malam, mutane dariya za su zo yi, ba karatu ba.”

“Dariyar tana cikin littafin.”

“To ni dai ban gan ta ba.”

A ganina Tela bai yi rashin hankali ba, makarantarsa ce ta koya masa haka, kuma makaranta ce mai tarihi. Ɗan kama da ɗan gambara da mai tashe duk ƙafa ɗaya suke sawa a cikin abin da suke kwaikwaya, ɗaya ƙafar tana wajen 'yan kallo. Suna yi suna ƙifta maka ido, wato ni da kai mun san wasa ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ko a me ya fito, Ibro mutane ke zuwa gani, kuma nan ƙarfinsa yake. Rubutaccen wasa muna da shi tun tuni, daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau har Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, amma yawancinmu a aji muka haɗu da su don cin jarrabawa, ba a kan dandamali ba. Wasan Moliyer kuwa kamar ɗinkin babbar riga ne da aka riga aka zana wa aiki. In mai ɗinki ya ce zai ƙara aska ɗaya don ta burge shi, ya ɓata rigar. Da Malam ya faɗa masa da wannan harshen, sai ya yi shiru. Ba yarda ya yi ba, amma ya ji.

Abin da aka gwada

Haddar ba ta yi wuya ba da aka samo hanyarta. Na karanta masa maganganunsa a waya, ya riƙa saurare yana taka keke. Yaran shagonsa suka haddace na sauran 'yan wasa, ana ɗinki ana ba shi amsa. Cikin kwana goma ya riƙe. An kuma yi mako guda da aka hana dariya a wurin gwaji, wanda ya dara shi zai sayi shayi da burodi. Tela ya rame a wannan makon. Mutumin da ya saba auna kansa da dariyar mutane, ranar da aka ɗauke masa ita sai ya zama kamar makahon da aka ƙwace wa sanda.

Abin da ya juya al'amarin bai zo daga littafi ba. Wata rana bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar shagonsa, Malam ya tambaye shi ko ya taɓa zama da marowaci na gaske. Ya ce a hannun kawunsa ya tashi, ɗan kasuwa ne, Allah ya jiƙansa. Ƙirga ƙwayar sukari yake yi kafin ya fita, ya sake ƙirgawa in ya dawo. Makullan gidan a ɗaure suke da igiya a ƙugunsa, ko wanka da su yake shiga. Tsakar dare za ka ji motsi, shi ne ya tashi yana taɓa kwaɗo.

“Ya taɓa ba ka dariya?”

“Wallahi ko sau ɗaya, Malam. Tsoronsa muke ji. Sai ya fita muke kwaikwayonsa.”

Ya daɗe bai ƙara cewa komai ba. Sannan ya ce kawun nasa gobarar kasuwa ta taɓa cinye masa komai yana saurayi, ya kwana da rumfa ya wayi gari da toka. Tun daga ranar, duk wanda ya yi masa sallama, kafin ya amsa sai hannunsa na dama ya dafa aljihu. Tela ya ce sai a wannan daren ya gane ba daɗin kuɗin kawun yake ji ba, fargaba ce ta hana shi sakat.

Washegari ya zo gwaji babu muryar rawa, babu tafiyar agwagwa. Dafa aljihun nan kawai ya kawo. 'Yarsa ta gaishe shi, ya dafa. Ɗansa ya shigo, ya dafa. Mai dalilin aure ta yaba kyawunsa, ya yi murmushi, hannun yana aljihu. A ranar ni na sayi shayi.

Abu biyu aka bar masa. Lokacin hunturu ne, ƙura ta sa masa tari, yana ta ba da haƙuri. Malam ya ce ya bar shi, ai Moliyer ma tari gare shi, ya kuma rubuta tarin a cikin wasan, har mai dalilin aure take ce wa tsohon tarin yana yi masa kyau. Na biyu kuwa ƙari ne nasa na kansa, inda Alhaji ke cewa shi a duniya gara biyu yake tsoro, mai cin katako da mai cin uban amarya. Wannan bai rusa komai ba, Malam ya sa na rubuta shi a gefen shafi.

Dare uku

A zauren wata makaranta muka yi, kujerun roba, mata gefe maza gefe, janareta yana ruri a waje. A nan tsohuwar makarantar Tela ta biya mu. Sauran 'yan wasan ba su san yadda ake jiran dariya ba, ana yi suna magana a kai, maganar ta nutse. Shi kuwa tun daga tashe ya san dariya kamar tafasar kunu take, sai ta fara sauka ake zuba na gaba, ba a bari ta huce. A hutun tsakiya shi ya tara su ya koya musu. “Ba kayan ɗaki, ba gara” kuwa a karo na uku zauren ne ya faɗa, iyaye maza sun fi kowa ɗaga murya.

Sai aka zo ƙarshen kashi na huɗu, inda Alhaji ke fitowa shi kaɗai da ihun ɓarawo. Yana cikin yi, wani yaro daga baya ya ƙwala, “Alhaji, yaron ɗanka ne ya ɗauka!” Zaure ya kece. Na ga fuskar Tela ta sauya, na san mun shiga uku. Ya amsa wa yaron, yaro ya mayar, ya sauko daga dandamali ya bi layi yana lalube aljihun mutane, ya cire wa wani hula ya leƙa ciki. Wajen minti bakwai yana yi. Ba a yi dariya irin wannan ba a duk daren. Amma da aka buɗe kashi na biyar, babu wasa. Alhajin da aka faɗa wa ɓarawo, ya kuma amsa, yaya zai dawo yana tuhumar wakili? Fitowar adaka da budurwa ta wuce salin-alin, mutane suka fara zamewa neman adaidaita sahu.

Shi ya ɗauka ya yi bajinta. Malam bai ce masa uffan ba. Matarsa ce ta faɗa masa a hanyar gida, shi ya ba mu labari da kansa: “Maigida, da ka sauko, kai na gani. Alhajin ban san inda ya shiga ba.”

Dare na biyu ya toshe kunne, aka yi masa magana ya sandare, sau biyu ina raɗa masa layi. Ba abin da za a ce a kai.

Kafin na uku Malam ya zaunar da shi ya buɗe masa fitowar. Marubucin ya san 'yan kallo suna nan, ya ma sa su a ciki. Tsohon yana duban taron, yana ganin kowa kamar ɓarawonsa, yana tambayar me ake raɗawa a can, yana cewa ga shi suna kallonsa suna dariya, lallai da su aka raba. Har ya cafke hannun wani yana cewa a ba shi kuɗinsa, sai ya duba ya ga nasa ne. Wato ba a hana Tela jin 'yan kallo ba. Abin da aka nema shi ne Alhaji ya ji su da kunnen wanda hankalinsa ya gushe, duk wanda ya yi magana ya zama abin zargi. Abu ɗaya muka sauya a wurin. A asali tsohon cewa yake zai sa a rataye kowa, in bai samu kuɗin ba ya rataye kansa. Mu muka sa ya ce a kwantar da shi a ramin adakar a mayar da ƙasa.

A daren na uku wata mata ce ta ce, “Allah ya ƙara!” Tela ya juyo a hankali. Ya kalle ta har na fara ƙirga numfashina. Hannunsa ya tafi aljihu, ya tarar ba makulli, ya tsaya a nan yana rawa. Sannan ya faɗi abin da ke littafin, ya tambaye ta ko maganar ɓarawonsa take yi. Dariya ta tashi, ya cafke hannunsa, ta ƙaru. Da ya durƙusa a bakin ramin yana kiran adakar kamar wanda aka yi wa rasuwa, sai ta yanke da kanta. Ba ka jin komai sai janareta. Wani dattijo a layin gaba ya ce, “Allah sarki.” Kuma a wannan daren ne fitowar adaka da budurwa ta kama, tun daga “ita” ta farko har ta ƙarshe, don yanzu zauren ya yarda mutumin nan da gaske zai iya kishin akwati kamar yadda ake kishin mace.

Abin da bai warwaru ba

Akwai fitowa guda da ta ƙi mu dare ukun nan. Uba da ɗa sun yi cacar baki a kan yarinyar, uban ya ce ya yafe shi, ya cire shi daga gado, ya tsine masa, ɗan kuma ya mayar da raini, ya ce ba ya bukatar kyautarsa. An rubuta ta don a yi dariya. A Kano babu wanda ya yi. Abin da muke ji daga kujeru shi ne “Subhanallahi” da tsaki. Bashi da ruwa an yi masa dariya, uba da ɗa a kan yarinya ɗaya an yi masa dariyar kunya, amma tsinuwar uba ba a wasa da ita. Ba mu kaɗai ba ne, a Turai ma masanin falsafa Ruso ya soki wannan wurin tun a 1758, yana ganin wasan yana sa a so ɗan da ya raina ubansa.

Ƙungiya ta rabu. Wasu suka ce a cire, har da yaron da ya fito a ɗan, wanda mahaifiyarsa ta yi masa faɗa a gida. Ni ma a daren farko ina cikin masu cewa a cire. Tela, wanda wata biyu da suka wuce zai iya sayar da fitowa guda don dariya ɗaya, shi ya tsaya a kan a bar ta. Hujjarsa ita ce in ba a ga abin da rowa ta mayar da gidan ba, kukan adakar ba shi da nauyi. Har yau ba mu daidaita ba, shafin yana nan a littafina da alamar tambaya da jan biro.

Ya koma shagonsa, ya kuma koma camamarsa, inda yake sakin baki yadda ya saba. A lungun yanzu Alhaji Ba-gara ake kiransa, kuma masu kawo ɗinki sun ce tun daga wasan ya daina ragi. Dafa aljihun bai bar shi ba, ko ni na yi masa sallama sai hannun ya motsa.

Kwanaki Malam ya kai masa maganar wani wasan, na ƙarshe da Moliyer ya rubuta, a kan mutumin da lafiyarsa ƙalau amma ya dage ba shi da lafiya. Ya ba shi labarin yadda Moliyer ya fito a wannan matsayin yana fama da ciwon gaske, tari ya sarƙe shi a nuni na huɗu, a ranar 17 ga Fabrairu 1673, ya daure ya ƙarasa, aka kai shi gida ya cika a daren. Tela ya tsayar da keke, ya cire zaren da ke bakinsa.

“Zan yi, Malam. Amma a rubuta dare uku. Na huɗun a ba wani.”